Maganin Wari a Akurkin Salwa da Zabi

Kiwon salwa a cikin gida ya samu karɓuwa a garuruwan ƙasar nan. Irin salwar da a ke kiwo asalinta daga ƙasar Japan ne, kuma ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ita ta shigo da ita Nijeriya a 1992. Abin da ya sa mutane su ka rungume ta shi ne ba ta cin wuri, ba ta kuma ɓata lokaci. Tana fara ƙwai tana da mako 6 ko 7 da ƙyanƙyasa, in kuwa ta sami kulawa ta kan yi ƙwai 250 ko fiye a shekara. Saboda haka akawu da ɗan tireda da matar aure duk su na iya kafa keji a lungun gida su riƙa samun na cefane.

Amma akwai abu guda da ke kashe wa masu wannan kiwo gwiwa, watau wari. Sau da yawa mutum ya kan fara da murna, bayan wata biyu sai tsakar gida ta gagari zama. Ƙuda ya cika madafa, maƙwabci ya daina amsa gaisuwa da sakin fuska, mai gidan haya ya aiko a kwashe tsuntsaye, wani lokaci ma magana ta kai gaban mai unguwa. A zamanin En'e duba-gari kan shiga gida gida, wanda a ka sami gidansa da ƙazanta a ci shi tara. Ko ba duba-gari, haƙƙin maƙwabtaka ya isa ya sa mai kiwo ya tashi tsaye. Ban da wannan kuma, warin yana cutar tsuntsayen kansu, yana kuma rage kuɗin da za a samu. Abin da za a faɗa a nan game da salwa, haka ya ke ga zabi da makwarwa da tantabaru in an tsare su wuri guda.

Inda Warin Ke Fitowa

Tsuntsu ba ya fitsari dabam kamar akuya ko saniya. Fitsarinsa da kashinsa tare su ke fita, farin nan da a ke gani a kan kashin kaza shi ne fitsarin. Muddin ya bushe, warinsa kaɗan ne. Amma in ya sami laima da ɗumi, sai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su hau shi su na ruɓar da shi, su na fid da wata iska mai yaji da masana ke kira amoniya. Ita ce ke kawo zarnin nan mai sa hawaye.

Ga ɗan lissafi. Babbar salwa ta kan ci abinci misalin giram 25 a yini, kashin da ta ke yi kuwa ya kan kai nauyin abin da ta ci. Ke nan salwa 100 za su zubar da kashi wajen kilo biyu da rabi kullum, a wata guda kilo 75. Kashi uku cikin huɗu na wannan nauyi ruwa ne zalla. Abincin salwa kuma ya fi na kaji yawan sinadarin gina jiki, abin da jikinta bai yi amfani da shi ba kuwa cikin kashi ya ke fita, shi ne amoniya ke samuwa daga gare shi. Wannan shi ya sa kejin salwa ya kan riga akurkin kaji yin wari.

To, daga nan za a gane asalin maganin. Ɗumi dai ba yadda za a yi da shi a ƙasar nan. Abin da ke hannun mai kiwo shi ne ya hana laima, ya bar iska ta ratsa, ya kuma kwashe kashi kafin ya taru.

Wari Iri Uku

Mai kiwo mai lura ya kan gane abin da ya ɓaci ta irin warin da ya ji. In zarni ne mai shiga ido, to shimfiɗa ta jiƙe ko iska ba ta wucewa. In ɗoyi ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai, to akwai inda kashi ya kwanta cikin ruwa iska ba ta kai gare shi, ko ƙwai ya fashe a lungu, ko tsuntsuwa ko ɓera ya mutu ba a gani ba. In kuwa tsami ne da warin fumfuna, to abinci ne ya zube ya jiƙe. Kowanne da maganinsa, saboda haka a fara neman tushen kafin a kashe kuɗi.

Akwai wani abu da ya kamata a kiyaye. Hancin mai kiwo ya kan saba da zarni har ya daina jinsa, baƙo kuwa da shigarsa zai ji. Masana kiwon kaji sun yi iyaka cewa kada amoniya ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki, amma wanda ya saba ya kan zauna cikin abin da ya fi haka bai sani ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a shiga da sassafe kafin a buɗe tagogi, a durƙusa a kai fuska daidai inda kawunan tsuntsayen su ke. In ido ya yi yaji, to abin ya riga ya wuce kima. In da hali a sa wanda ba ya shiga kullum ya gwada, kuma in maƙwabci ya yi ƙorafi a gaskata shi.

Ɓarnar Da Zarni Ke Yi

A cikin maƙogwaron tsuntsu akwai waɗansu 'yan gashi ƙanana ƙwarai da ke share ƙura da ƙwayoyin cuta su hana su isa huhu. Amoniya ta kan kashe ƙarfin waɗannan gashi, sai ƙofa ta buɗe wa cututtukan numfashi, musamman da hunturu lokacin da annobar kaji ta fi tsanani. In ta yi yawa ta kan ƙona ido, a ga tsuntsuwa ta rufe ido ta takure a lungu ta ƙi cin abinci. Daga nan sai girma ya tsaya, ƙwai ya ragu. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuma ta kan ƙona tafin ƙafa, kashi ya dunƙule a faratan salwa kamar tsakuwa. Nan ne kuma ƙwayoyin cutar zawo mai jini ke yaɗuwa, da wata cutar gyambon hanji wadda masu kiwo a Amurka su ka laƙaba wa sunan cutar salwa, domin ta kan yi musu mummunar ɓarna, kuma ta hanyar tsattsagar kashi a ke ɗaukarta.

Akwai kuma hasarar da ba a gani. Sinadarin da ke tashi a cikin zarni shi ne naitirojin, wanda manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya. Takin tsuntsaye in an bar shi a jiƙe a sarari ya kan rasa kashi mai yawa na wannan sinadari, wani lokaci har rabi. Watau duk gidan da ke zarni, ƙarfin takinsa ne ke bin iska.

Ginin Akurki

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. A zaɓi wuri mai tudu inda ruwan sama ba ya kwanciya, nesa da rijiya da madafa da tagar maƙwabci. A ɗaga daɓen akurki ya fi tsakar gida da inci 6 ko fiye, a yi shi da siminti in da hali, a ɗan karkata shi don ruwan wanki ya gangara waje. Tsawon ɗakin ya bi gabas da yamma, domin rana ba za ta daɗe tana dukan ciki ba. A toshe bangon gabas, gama daga nan hadari ya fi tasowa. Gefen kudu da na arewa a yi musu gajeren bango a ƙarasa da waya, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Rufi ya zarce bango da ƙafa 2 ko 3 don hana feshin ruwa, a kuma bar kafa a can sama inda iska mai ɗumi za ta fita.

Da hunturu mutane kan rufe akurki ruf da buhuna ko leda don tsoron sanyi, nan take kuwa zarni ke taruwa. A tare gefen da iska ke bugowa, amma a bar tazarar tafin hannu a sama. Haka kuma ɗakin 'yan tsaki. Lalle su na bukatar ɗumi sosai a makonsu na fari, amma in an kunna gawayi ko fitila an toshe ko'ina, hayaƙi da zarni za su kashe fiye da abin da sanyi zai kashe.

Cunkoso shi ne babban abokin wari. In a ƙasa a ke kiwo, a ba kowace babbar salwa misalin ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi, zabo kuwa ya sami ninki uku ko huɗu na wannan. Wanda ya zuba salwa 200 a wurin 100 ba zai ci ribar 200 ba.

Keji Mai Waya

Yawancin masu kiwon salwa keji su ke amfani da shi, mai ƙasan waya mai ido rabin inci, kashi na zubowa cikin faranti a ƙasa. Wannan dabara tana raba tsuntsu da kashinsa, amma ba ta kawar da wari sai an kula da farantin. A shimfiɗa masa buntun shinkafa ko garin katako ko busasshiyar ƙasa kaurin yatsa, don ya tsotse ruwa kuma kashi ya ƙi mannewa. Da damina a zubar kullum, da rani a kan iya kwana biyu ko uku. Kada a bari ya kai mako, domin ƙuda daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 kawai ya ke ɗauka a lokacin zafi. In keji hawa hawa ne, a bar tazara tsakanin faranti da wayar da ke samansa don iska ta busar da kashin. Katakon da kashi ke zuba a kansa ya kan sha wari ya riƙe, saboda haka a shafe shi da fenti ko a rufe shi da kwano.

Shimfiɗar Ƙasa

Wanda ke kiwo a ƙasa, musamman mai zabi, sai ya zuba shimfiɗa mai kaurin inci 3 ko 4. Buntun shinkafa da askin katako su ne su ka fi, ƙaiƙayi da yankakken kara su ma su na yi. Ɓawon gyaɗa yana tsotse ruwa, amma sai a tabbata busasshe ne ba shi da fumfuna, gama fumfuna na kawo ciwon huhu ga 'yan tsaki, irin wadda ke kama gyaɗa kuma tana da dafi. A 1960 talotalo wajen 100,000 su ka mutu a Ingila saboda abincin da a ka haɗa da ƙuliƙulin gyaɗa mai fumfuna, a nan ne masana su ka gano wannan dafi.

A riƙa motsa shimfiɗa da manjagara sau biyu a mako, a kwashe duk inda ya dunƙule, a ƙara sabuwa. Ga yadda a ke gwada ta: a damƙi cikin hannu a matse. In ta cure ta zama dunƙule, ta jiƙe da yawa. In ta ɗan haɗu sa'an nan ta warwatse da an buɗe hannu, ta yi daidai. In kuwa ƙura ce zalla ke tashi, ta bushe da yawa, ita ma tana cutar numfashi.

A Ingila masu renon tsuntsayen farauta kan yi keji marar ƙasa su riƙa gusa shi zuwa sabon wuri a kan ciyawa, kashi ba ya taruwa wuri guda. Mai fili a bayan gida ko a gona yana iya yin haka da zabinsa, ƙasar kuma ta sami taki a kyauta.

Ruwa Da Abinci

Mafi yawan laimar akurki daga mashaya ta ke. Buɗaɗɗen kasko shi ne mafi muni, domin su na shiga ciki su na fantsalawa. A ɗora mashaya a kan bulo daidai tsayin bayan tsuntsu, ko a rataye ta a wajen keji su riƙa zuro kai. Akwai kuma mashaya mai ɗan kai da tsuntsu ke tsattsaga ruwa ya ɗigo, tana rage zuba ƙwarai in an duba ta kullum don kada ta yi yoyo. Kada a zubar da ragowar ruwa a cikin akurki.

Salwa gwanar watsa abinci ce. Kada a cika mazubi ya wuce rabi, a kuma ɗora waya a kan abincin don ta kasa tona shi. Jiƙaƙƙiyar dusa da ragowar tuwo su na tsami cikin yini guda, in an ba su a kwashe abin da ya rage kafin dare. 'Yan tsakin salwa na bukatar abinci mai sinadarin gina jiki kashi 24 zuwa 28 cikin 100, masu ƙwai kuwa misalin kashi 20 ya ishe su. Wanda ya ci gaba da ba manya abincin 'yan tsaki ya ƙara kashe kuɗi ya kuma ƙara zarni. Gishiri ko kanwa in sun yi yawa su na sa ƙishirwa da tsinkewar kashi, garin kifi mai yawa kuma yana sa ƙarni har a cikin ƙwai. In an gyara duk wannan kashi bai daina ruwa ba, to cuta ce, sai a nemi malamin dabbobi.

Toka Da Farar Ƙasa

Mutane da yawa kan barbaɗa toka a kan kashi don kashe wari. Gaskiya ne tana busar da shi na ɗan lokaci, amma toka 'yar'uwar kanwa ce, shi ya sa mata ke tace ruwanta su sa a miya ko su yi sabulu da shi. Duk abin da ke da halin kanwa kuwa yana gaggauta fitar amoniya. Dalilin ke nan da malaman gona ke hana a cuɗa toka da takin yuriya. Haka farar ƙasa ta ke, ita har ƙona ƙafar tsuntsu ta ke yi in ta jiƙe. Wurin farar ƙasa shi ne bango da daɓe, bayan an kwashe tsuntsaye an wanke ɗaki. Toka kuwa a gauraya kaɗan da yashi a cikin kwatarniya a ajiye musu su yi birgima, yana rage musu ƙwarƙwata.

Abin da ke kama amoniya shi ne abu mai tsami. Takin zamani na sufa, wanda manoman gyaɗa su ka sani, in an barbaɗa kaɗan a farantin da ke ƙarƙashin waya yana riƙe sinadarin, takin kuma ya ƙara kyau. A manyan gidajen kaji na Amurka da wani irin alif a ke wannan aiki. Sai dai a sa su inda baki ba ya kaiwa. Dakakken gawayi shi ma yana tsotse wari da laima. Turaren wuta da maganin feshi mai ƙamshi ba sa kawar da kome, rufe warin kawai su ke yi, hayaƙinsu kuma na cutar huhun tsuntsu. Har wa yau kada a zuba ruwan wankin fararen kaya mai kulorin a kan tarin kashi, domin in ya haɗu da amoniya ya kan fid da iska mai guba. A kankare, a wanke da sabulu, a sa magani, a shanya a rana ya bushe sarai, kana a mayar da tsuntsaye.

Inda Za A Kai Kashin

Wanda ya kwashe kashi ya jibge a bayan ɗaki bai yi kome ba, wurin warin kawai ya sauya. Hanya biyu ce. Ta fari, da rani a baza shi a rana ya bushe ƙayau, a ɗura a buhu a ajiye a inuwa inda ruwa ba ya taɓawa. Masu lambu na nemansa da kuɗinsu. Ta biyu, a yi takin gargajiya. A jera kashi hawa ɗaya, busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko buntu hawa biyu, a haka har tarin ya kai ƙugu, a yayyafa ruwa kaɗan, a rufe da ƙasa ko ciyawa. Bayan 'yan kwanaki cikinsa zai yi zafi har hannu ba ya jurewa, wannan zafi ne ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙuda. A juya shi duk mako biyu. Cikin wata biyu ko uku zai zama baƙi mai ƙamshin ƙasa. Tarin ya yi nisa da rijiya, ƙafa 100 in fili ya bari. Ɗanyen kashi yana ƙona shuka, kuma bai kamata a sa shi a latas ko wani ganyen da a ke ci ɗanye ba.

Tsuntsun da ya mutu a binne shi da zurfi ko a ƙone shi ran nan, kada a jefa a bola ko kwata. In kuwa su na mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a sayar da su, kada a fitar da takin, a sanar da likitan dabbobi nan da nan. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ta nuna yadda cuta ke bin kashi da keji da takalmi daga gida zuwa gida.

Aikin duka bai wuce minti 15 a yini ba ga mai salwa 100: da safe a duba mashaya, a tsince ƙwai da gawa, a zubar da faranti, ran Asabar ko wata rana da a ka tsayar a motsa shimfiɗa a wanke mazubi, duk ƙarshen zubi kuma a wanke ɗaki a bar shi fanko mako biyu. Ya kamata a gama gyaran rufi da magudana tun da bazara, domin watan Agusta ne laima ta fi yawa, a nan ne kuma yawancin ƙorafin maƙwabta ke tasowa. Wanda ya bi wannan duka warin bai tafi ba, sai ya rage yawan tsuntsayen, ya kuma nemi malamin gona na yankinsa ya zo ya duba masa wurin.